Yaron Ba Ya Cika Wata Lafiya, Ga Ciki, An Ce In Yaye Shi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 22, muna zaune a gidan yawa a cikin birnin Kano tare da mahaifiyar maigidana da matan yayyensa biyu. Haihuwata ɗaya, namiji, yanzu watansa 16. Tun da ya shiga wata tara ba ya cika wata guda lafiya. In zawo ya tsaya sai mura da tari, in sun lafa sai zazzaɓi. Ya rame, gashinsa ya fara ja, abinci sai an yi masa ɗura. Koko ne kusan duk abincinsa, ina damawa da safe in zuba a filas ya kai mu yamma. Hajiya ta ce haƙori ne, tana ba shi jiƙo da rubutu, ta kuma hana a ba shi ƙwai wai zai koyi sata. Maigida yana iya ƙoƙarinsa, duk sati sai ya sayo sirof a kemis, na cin abinci da wanda aka ce yana ƙara garkuwar jiki, amma ban ga canji ba. Yanzu kuma an gwada ni ina da ciki wata biyu. Hajiya ta ce nonona ne ya lalace, in yaye shi cikin satin nan ta karɓe shi. Matan gidan suna ta habaici wai na yi kwanika, ban iya raino ba. Ni kuma ina jin nauyin yin magana a kan yaron a gaban Hajiya. Da dare in na kalli haƙarƙarinsa sai in yi ta kuka. Wane magani ne zai ƙarfafa jikinsa? Kuma in yaye shi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na lura ko sau ɗaya ba ki ce “ɗana” ba, “yaron” kike ta cewa. Na san wannan kunyar ta ɗan fari, da ita aka raine mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai yanzu kina cikin halin da dole ki ajiye rabinta a gefe, domin ke ce kike ganin haƙarƙarinsa da dare, ke ce kika san sau nawa ya yi zawo jiya. Uwar da take lissafe da watan da ciwo ya fara, ta zauna ta rubuto wannan wasiƙa, ba a ce mata ba ta iya raino ba. Ki share hawayenki mu yi magana.

Kafin komai, ki kai shi asibiti cikin kwana biyun nan, ko da a ranar jikinsa da sauƙi. Mura sau shida zuwa takwas a shekara abu ne da aka saba gani ga ƙananan yara masu ƙoshin lafiya, amma rama da jan gashi da ƙin abinci alamun tamowa ne, kuma tamowa ba ta jira. Ki ce a auna nauyinsa, a kuma auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya tsaya a kore, wato sama da santimita 12.5, da sauƙi. Rawaya tsakanin 11.5 da 12.5 gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai cibiyoyin da ake ba irin waɗannan yara abincin gyaɗa na musamman na cikin leda, wanda a ƙa'ida kyauta ne. Tun a gida ma kina iya yin wani gwaji: ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna bai ciko ba, kumburi ne, a ranar za ki tafi. A can ki roƙi a duba yawan jininsa da maleriya, a gwada sikila in ba a taɓa yi ba, ki kuma faɗa musu in akwai mai tsohon tari a gidan, saboda tarin fuka yakan ɓuya a jikin yaro ya fito da siffar rama. Duk sa'ad da kika ga ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko jini a kashi, ko numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko da tsakar dare ne ki tashi maigida.

Kin tambaye ni maganin da zai ƙarfafa jikinsa. Da akwai shi a kwalba, wallahi da na faɗa miki sunansa. Sojojin jikin da ke yaƙar cuta, daga abinci jiki yake ƙera su. Suna bukatar furotin na wake da ƙwai da kifi da nono, suna bukatar sinadarin ƙarfe da zinc, kuma fatar cikin hanji da ta hanyar numfashi, wadda ita ce katangar farko da cuta take tararwa, bitamin A ne yake riƙe da ita. Abin da ke faruwa da ɗanki zagaye ne. Zawo ya goge masa cikin hanji, abin da ya ci bai shiga jiki sosai ba, bakinsa ya ƙi abinci, jiki ya yi rauni, kafin ya murmure wata ƙwayar cutar ta shigo ta hannu ko ta ruwa ta tarar da ƙofa a buɗe. Wata bakwai ke nan yana wannan kewayen. Ta wuri biyu ake yanke shi, a ƙara abin da ke shiga kwanonsa, a rage dattin da ke shiga bakinsa, kuma dukansu suna hannun mutanen gidanku.

Maganar yaye ita ce ta fi damuna, don haka zan daɗe a kanta. Ki yi lissafi da kanki. Ciwon ya fara yana wata tara, cikin ya shiga yana wata 14. Wata biyar yana fama kafin a san da wani ciki. Ta yaya nonon ciki zai jawo abin da ya riga shi zuwa? Ciki ba ya mayar da nono guba. Abin da yake yi shi ne, wajen wata na huɗu ko na biyar ruwan yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya, wasu yaran ma su saki da kansu. Mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa. Wadda ake cewa ta dakata ita ce mai zubar jini, ko mai yawan ɓari da haihuwar bakwaini, ko mai ɗauke da tagwaye, shi ya sa nake so ki fara awo da wuri ki tambayi malamar asibiti a kan naki cikin. A halin da ɗanki yake, nononki ne abinci ɗaya tilo da yake karɓa in yana zazzaɓi, shi ne ruwa mafi tsafta a gidan, kuma a cikinsa akwai kariyar da jikinki ya haɗa daga cututtukan da ke yawo a tsakar gidan nan naku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar har shekara biyu ko fiye, kuma tun kafin ita, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Hajiya ta san wannan ayar.

Akwai wata likita, Cicely Williams, da ta yi aiki a asibitin yara na Ankara ta ƙasar Gana. A 1935 ta shigar da wata kalma cikin harshen likitoci wadda ta ji a bakin 'yan ƙabilar Ga na yankin, wato kwashiyoko, wadda ma'anarta ciwon da babba yake kamuwa da shi in ƙaninsa ya zo. Yaran da ta gani an cire su daga nono ne aka bar su da kokon masara zalla, sai gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Kin ga iyayenmu ba ƙarya suka yi ba da suka ce yaron kwanika yakan lalace, sun gani da idonsu. Inda aka yi kuskure shi ne wajen gano mai laifi. An ɗora wa nono, alhali cire nonon da barin yaro da koko ne ya kayar da shi. In aka shafa miki maɗaci a satin nan aka raba ku dare ɗaya, yana ramamme, abin da nake tsoro ke nan.

In kuma aka zo inda dole a yaye, ko don likita ya ce, ko don jikinki ya gaza, to a yi shi sannu a hankali cikin makonni, bayan ya fara cin abinci sosai nauyinsa ya fara hawa. Ki fara rage na rana, ki bar na dare ya zama na ƙarshe. A maye gurbinsa da kofi ɗaya zuwa biyu na madara kullum, madarar shanu da aka tafasa ko kindirmon da kika yarda da tsaftarsa ko madarar gari ta gaske, ban da mai kaurin nan mai zaƙi, kuma a kofi, kada a kawo fida. Abinci kuma ya koma sau huɗu zuwa biyar.

Yanzu kwanonsa. Cikin yaro mai irin shekarunsa bai fi kofin shayi guda ba. In kika cika shi da tsararon koko, kin cika shi da ruwa, ya ƙoshi a ido amma jiki bai samu komai ba. Gobe da safe ki ɗebo kokon a cokali ki karkata shi. In ya zube shar kamar ruwa, bai yi ba. Wanda ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokali ya sauko da nauyi. Sannan kada ya tafi shi kaɗai: cokali guda na dakakkiyar gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja ɗanye wanda ba a soya shi ya yi fari ba, wata rana garin busasshen kifi, wata rana ɗan garin zogale. In da hali ki haɗa garin da ake kira Tom Brown: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A jiƙa waken suyar a cire ɓawonsa a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa. Ki tsince gyaɗar da masarar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci ki zubar, domin gubar da ke cikinta tana cutar da hanta tana hana yaro girma.

Amma kada ki tsaya ga kunu. A wata 16 ya isa cin abin da gidan ke ci. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, a murmushe masa kifi ko ɗan nama a ciki. Faten wake da aka dafa ya yi luguf, dambun zogale, taushe da kabewa da alayyafo, awara, ɗanwake, ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako. Irin su gwanda, mangwaro, karas da kabewa, masu ciki ruwan lemu, suna ɗauke da bitamin A. Lemu da gwaiba da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa hana shi yake yi, don haka a daina ba shi shayi da burodi a matsayin kari. Sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai. Na sha zama a tsakar gida ina kallon yara biyar a kan tire ɗaya, ƙaramin yana kai hannu sau ɗaya manyan sun kai sau huɗu, a tashi a ce ai ya ci tare da 'yan uwansa.

Ƙwai kuma, ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya koya wa sata ba. A ganina wannan magana ta samo asali ne daga lokacin da ƙwai dukiya ne, ana barinsa kaza ta ƙyanƙyashe, sai aka tsorata yara don kada su riƙa bin akurki. Hikima ce ta tattali a zamaninta. Ga yaro ramamme kuwa, dafaffen ƙwai guda a rana yana cikin abu mafi amfani da kuɗi kaɗan zai saya. In ba a samu kullum ba, sau uku a mako ma alheri ne.

Ɗura kuma ina roƙonki ki daina daga yau. In aka danne yaro aka toshe masa hanci yana kuka ana zuba kunu, wani yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu, wani lokacin ma ya shaƙe shi nan take. Kuma yana koya masa cewa abinci azaba ne. Ki zaunar da shi a cinyarki, ki ci loma ya gani, ki ba shi kaɗan, in ya kau da kai ki dakata ki sake gwadawa bayan ɗan lokaci, ki bar shi ya sa hannunsa ya ɓata jiki. Zai ɗauki lokaci, na sani, ga ki da laulayi. In yana ciwo kada a janye abinci, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa tare da nono, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu don ya mayar da abin da ya zube.

Ɗaya ɓangaren shi ne hanyar da cuta ke bi ta kai bakinsa, kuma na fara da filas ɗin nan. Kokon da aka dama da hantsi, zuwa azahar ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, irin ɗumin da ƙwayoyin cuta suka fi so su hayayyafa a ciki. Dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a zafin garinmu, sai an sake tafasa shi sosai kafin a ba yaro. Ki riƙa dama kaɗan wanda zai shanye a zama ɗaya. Sai randa. Ki tsaya wata rana ki ƙirga hannu nawa ne ke shiga randar gidanku daga safe zuwa dare, da inda ake ajiye moɗar, wani lokaci a ƙasa, kaza ta taka ta wuce. Ba za ki iya gyara randar gidan yawa ba, amma kina iya ware wa ɗanki nasa: ki tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka, ya huce, ki zuba a jarka mai murfi da ƙaramin baki wadda ake tsiyayawa ba a tsoma komai. In itace ko gawayi ya yi tsada, akwai maganin ruwa irin su WaterGuard da Aquatabs, a bi ƙa'idar da ke jikinsu. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ruwan ya yi garau a ido amma cutar tana nan.

Wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage zawon yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ki ajiye buta da guntun sabulu a ƙofar banɗaki, wani a kusa da murhu, don abin da ido bai gani ba hannu yakan manta. Bayan kin fito daga banɗaki, bayan kin yi masa tsarki, kafin ki taɓa abinci, kafin ki ba shi, da nasa hannun shi ma, a yanke masa farce. A zuba ruwan daga buta, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya, na ƙarshe yakan wanke ne da dattin na farko. Mutane suna ɗauka kashin yaro ba komai ba ne, a share shi a jefa bayan ɗaki, alhali ya fi na babba yawan ƙwayoyin zawo. Ki sama masa fo, a juye a masai, a wanke da omo. Yaro mai wannan shekaru duk abin da ya tsinta baki yake kai shi, har kashin kaji da na awaki, don haka ki share inda yake wasa ki shimfiɗa masa tabarma, in za a iya killace kajin a wani lungu ya fi. Kuma in kina girki da itace kada ki goya shi hayaƙi yana dukan fuskarsa, hayaƙin murhu yana cikin abin da ke raunana huhun yara.

Batun haƙori, Hajiya ta ga abu biyu suna zuwa tare ne. Lokacin da haƙori ke fitowa shi ne lokacin da yaro ke rarrafe yana cusa komai a baki saboda ƙaiƙayin dasashi, kuma lokacin ne kariyar da ya fito da ita daga ciki take ƙarewa. Haƙorin kansa ba ya sa zawo. In zawon ya zo, ki haɗa ledar ORS, wato garin gishiri da sukari na zawo, guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita, ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. In babu ledar, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Tare da shi ƙwayar zinc mai miligiram 20, ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na uku, domin tana gyara hanji tana kuma rage dawowarsa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kafso da filajil da ake saya barkatai ba sa maganin yawancin zawon yara ko mura, sai ma su kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji. Maganin haƙori kuwa ki nisance shi. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirof na haƙori mai suna My Pikin da aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda ya kashe yara akalla 84 a ƙasar nan.

Ki ɗauko katin rigakafinsa ki duba. Akwai allurar ƙyanda a wata tara, akwai ta biyu a wata 15, wadda iyaye da yawa ke mantawa, kuma lokacin tasa ya yi. Ƙyanda ba a ƙuraje take tsayawa ba, tana goge wa jiki wani ɓangare na kariyar da ya tara daga cututtukan baya, yaro ya yi ta ciwo watanni bayanta. Kin kuma ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, akasari a cikin yaran da ba su cika allurarsu ba. Duk wadda ya rasa ana iya cike masa. Ki tambayi ɗigon bitamin A da ake yi duk wata shida har yaro ya kai shekara biyar, da maganin tsutsar ciki da ake farawa daga shekara ɗaya. Da damina masu bi gida-gida suna raba maganin rigakafin maleriya ga yara daga wata uku zuwa 59, wata-wata, na kwana uku, a tabbata ya sha na rana ta biyu da ta uku. Ku kwana cikin gidan sauro ku biyu kullum.

Maigidanki mutumin kirki ne, mai zuwa kemis duk sati saboda ɗansa bai yi sakaci ba, hanyar da ya sani ya bi. Kada ki ce masa ya yi asarar kuɗi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki gode masa, ki ce kina so ku gwada wata guda: kuɗin sirof ɗin a sayo ƙwai, waken suya, gyaɗa, busasshen kifi da sabulu. Ki gaya masa yawancin sirof ɗin cin abinci suna ɗauke da maganin da ke sa yaro barci da kasala, kuma ba a so a ba wanda bai kai shekara biyu ba. Abin da likita ya rubuta bayan ya duba shi, wannan daban. Ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ga tef ɗin a damtsen ɗansa da idonsa, kuma shi ya kamata ya fara yi wa mahaifiyarsa maganar ɗage yaye, don abin da ɗa zai faɗa a wuce, suruka in ta faɗa sai ya zama rashin kunya.

Hajiya kuwa, ki riƙe a ranki cewa tsoro ne ke sa ta magana. Mai yiwuwa ta binne 'ya'ya ko ƙanne a zamanin da babu ORS babu allura, kuma da ta ce za ta karɓe shi, so ne ya sa. Kada ki tunkare ta da “likita ya ce”. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, “Hajiya, jikin yaron nan ya fi ƙarfina, ina so ki raka mu asibiti, ke za su fi yi wa bayani.” Na taɓa ganin wata kaka da ta zo tana faɗa a kan ƙwai, malamar asibiti ta miƙa mata tef ɗin ta ce ita ta auna jikanta da kanta. Da ta ga ya tsaya a ja sai ta yi shiru, ta gyara lulluɓinta, ta tambaya sau nawa za a riƙa ba shi. Bayan nan ita ce take dafa ƙwan ta ɓare masa. Ki ba Hajiya aiki a cikin lamarin: ita ta tsince gyaɗar, ita ta ba shi na rana a cinyarta, wannan ma zai ba ki hutu. Addu'a da tofi ki ce ta ƙara, rubutu kuma ki kawo mata tafasasshen ruwansa a wanke allon da shi. Jiƙon ne za ki roƙa a dakatar har ya murmure, saboda babu wanda ya san adadin da ƙaramar ƙoda da hanta za su iya ɗauka, musamman in da kanwa a ciki, ga shi yana cike gurbin abinci. In duk ta ƙi, ki nemo wadda take jin maganarta, ƙanwarta ko malamar Islamiyyarsu, ko mahaifiyarki ta zo gaisuwa su tattauna a matsayinsu na manya.

Habaicin matan gida kada ki mayar. 'Ya'yansu ma daga randar nan suke sha, in suka ga naki ya fara cika ido, da kansu za su zo tambayar yadda ake haɗa garin.

Ke ma fa jiki biyu kike ciyarwa bayan naki. Ki ƙara ci ɗaya a kan na kullum, abin da kika zuba wa ɗanki na wake da ganye da ƙwai ki ɗiba, ki sha maganin ƙarin jinin da za a ba ki a wurin awo ko da yana sa ki tashin zuciya, ki sha shi da dare bayan abinci. Daga wata na huɗu za su fara ba ki maganin rigakafin maleriya na masu ciki, da allurar tetanus. In kin haihu lafiya, dakashin farko mai kaurin nan rawaya kada a matse a zubar, shi ne rigakafin jariri na farko, sannan nono zalla wata shida, ko ruwa ba sai an ba shi ba, zuma kuma sai ya cika shekara. Maganar tazarar haihuwa ku yi ta ke da maigida tun yanzu, ku tambaya a wurin awo.

Kada ki sa ran ganin canji a kwana uku. Abin da zai fara dawowa shi ne wasa da dariya, sai cin abinci, sai nauyi, gashi ne na ƙarshe. Ki riƙa kai shi awo duk wata ana rubutawa a katinsa, in wata biyu suka wuce nauyin bai motsa ba duk da wannan ƙoƙari, ki nemi a tura ku babban asibiti a zurfafa bincike. Ki rubuto min bayan kun dawo, ki faɗa min launin da tef ɗin ya nuna da abin da Hajiya ta ce. Allah Ya ba shi lafiya, Ya raya miki shi, Ya sauke ki lafiya.